Tauri a Baki, Danƙo a Baya: Yadda Maƙeran Japan ke Shafa wa Takobi Yumɓu

(Laccar da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, wanda ya karanci kimiyyar ƙarafa, ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara a Bebeji.)

 

Da kwamitin shirya taro ya bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, sai na zaɓi ƙira. Na san wani zai ce, ga likitoci ga lauyoyi ga manyan ma'aikata a zaune, me ya kai mu maƙera? To, duk wanda ya ci tuwo daren jiya, fartanya ce ta nome dawar, gatari ya faskara itacen, wuƙa ta yanka naman miyar. Tambaya ɗaya tak nake so mu bi yau. Me ya sa wani gatarin yakan yi shekara goma a hannun mai shi, wani kuwa tun ranar farko bakinsa ya nannaɗe, ko ya ɓalle?

Duk ƙarfen da aka ƙera don ya yi yanka yana bukatar halaye biyu waɗanda ba sa shiri da juna. Na farko tauri, domin bakin ya riƙe kaifi, kada ya dakushe da wuri. Na biyu danƙo, domin in ya bugi abu mai ƙarfi ya jure, kada ya karye. Matsalar ita ce, da zarar ƙarfe ya yi tauri ƙwarai sai ya yi gautsi. Ku dubi fasasshiyar kwalba, ta fi aska kaifi, amma in ta faɗi a kan dutse ta tarwatse. Ku kuma dubi ƙusa, kana iya lanƙwasa ta ka miƙe ta, ba za ta karye ba, amma ko wasa ta ka yi ba za ta yanka maka albasa biyu ba. Tun da aka fara ƙira a duniya, maƙeri yana neman hanyar da zai haɗa kwalba da ƙusa a jikin ƙarfe ɗaya.

Kafin mu je Japan, ku ba ni minti uku in koma da ku aji. Abin da ke sa ƙarfe ya karɓi tauri shi ne sinadarin kabon, wato ainihin abin da gawayi ya ƙunsa. Rodin gini da falankin ganga kabon ɗinsu kaɗan ne, galibi bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba. Irin wannan ko ka gasa shi ka tsoma a ruwa sau goma, ba zai yi wani taurin kirki ba. Ƙarfen da ke yin baki mai kyau shi ne wanda kabon ɗinsa ya kama daga kashi 0.6 zuwa kashi ɗaya cikin ɗari. In aka gasa irin wannan ya wuce digiri 727 a ma'aunin Salshiyos, sai tsarin ƙwayoyin cikinsa ya sāke, kabon ya narke ya bazu a cikinsu kamar yadda gishiri ke narkewa cikin miya, alhali ƙarfen bai zama ruwa ba, ja kawai ya yi. To, daga nan hanya biyu ce. In aka bar shi ya huce sannu a hankali, kabon zai sami sukunin fitowa ya jeru, ƙarfe ya yi laushi da danƙo. In kuwa aka tsunduma shi cikin ruwa, ya huce cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kabon ba shi da damar fita, an rufe ƙofa yana ciki. Sai ƙwayoyin su takura, su zama kamar ƙananan allurai masu tsananin tauri. Masana suna kiran wannan yanayi matansait, daga sunan wani Bajamushe masanin ƙarafa, Adolf Martens. Ku riƙe abu biyu game da shi: saurin hucewa ne ke haifar da shi, kuma yana ɗan kumbura, wato ya fi cin wuri fiye da ƙarfen da ya huce a hankali.

Ashe ke nan in za ka iya sa baki ya huce da sauri, baya kuma ya huce a hankali, a tsomawa ɗaya, ka warware matsalar. Abin da maƙeran takubban Japan suka yi ke nan, kuma sun yi shi da yumɓu, ɗaruruwan shekaru kafin a ƙago madubin da ke nuna ƙwayoyin ƙarfe.

Takobinsu da aka fi sani, wanda suke kira katana, baki ɗaya gare shi, kuma yana da ɗan lanƙwasa. Ba daga dutsen tama suke samun ƙarfensa ba, daga wani baƙin yashi ne mai ƙarfe a ciki. Sukan gina tanderu ta yumɓu mai suna tatara, su yi ta zuba yashi da gawayi bi da bi, kwana uku dare da rana ba a barin wuta. Yashi kimanin tan 10 da gawayi kimanin tan 12 kan ba da dunƙulen ƙarfe wanda bai wuce tan biyu da rabi zuwa uku ba, kuma sai an fasa tanderun kafin a jawo shi. Mafi kyawun abin da ke cikin dunƙulen shi suke kira tamahagane. Wannan sana'a ta mutu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai a 1977 aka farfaɗo da tanderu guda a yankin Okuizumo, cikin lardin Shimane, don kawai maƙeran takobi su sami ƙarfe irin na kakanninsu.

Maƙeri yakan gasa wannan ƙarfe, ya buge shi ya yi faɗi, ya ninke, ya sake bugewa, sau goma zuwa goma sha biyar. Ɗaliban lissafi su gwada: ninki goma sha biyar yana ba da falle 32,768. Amfanin wannan wahala shi ne a matse kashin ƙarfe ya fita, kabon kuma ya daidaita ko'ina. Sa'an nan yakan ɗauko ƙarfe mai laushi ya sa a tsakiya, ya naɗe shi da mai yawan kabon, ya ja su tare har su zama ruwan takobi. Abin mamaki, a wannan mataki takobin kusan miƙaƙƙe ne.

Yanzu mun iso kan yumɓu. Maƙeri yakan kwaɓa yumɓu da garin gawayi da garin dutsen wasa, kowane gida da irin nasa haɗin, kuma ba kowa ake gaya wa ba. Yakan shafe bayan takobi da gefensa da kauri, 'yan milimita kaɗan, bakin kuwa ya yi masa shafe siriri ƙwarai, kamar an shafa koko a faranti. Da wani ɗan tsinken ƙarfe yake zana iyakar da ke tsakanin mai kauri da siririn, ko a miƙe, ko kamar igiyar ruwa, ko kamar haƙoran zarto. Yakan kuma ja ƙananan layuka na yumɓu daga baya zuwa baki, domin su bar zare-zaren ƙarfe mai laushi a cikin mai tauri, ta yadda in baki ya ɗan ɓalle a wajen yaƙi, tsagar ba za ta yi nisa ba. Sai a bar shi ya bushe sarai.

Ga wani abu da yakan ba ɗalibai mamaki. Mutum zai zaci ƙarfe tsirara ya fi saurin hucewa a ruwa. Ba haka ba ne. In jan ƙarfen wuta ya shiga ruwa tsirara, nan take tururi ke lulluɓe shi kamar bargo, ya hana ruwa taɓa shi. Mata sun san wannan, in aka ɗiga ruwa a kaskon da ya yi zafi ƙwarai, ɗigon yakan yi ta rawa a kai bai ƙafe ba. Siririn shafen yumɓu, saboda kaushinsa, shi ke farfasa wannan bargo na tururi, ruwa ya kama baki nan da nan. Wato yumɓun nan guda yana aiki biyu: inda ya yi siriri yana gaggauta hucewa, inda ya yi kauri yana jinkirta ta.

Ranar tsomawa, sai dare ya yi, ko a rufe maƙera ta yi duhu, domin maƙeri ba shi da ma'aunin zafi sai idonsa. Yakan yi ta kai da kawowa da takobi cikin garwashi har launin ya daidaita daga tsini zuwa gindi, wajen digiri 750 zuwa 800. Sai ya zare shi ya tsunduma cikin kwamin ruwa, baki a ƙasa. Masu ɗaukar hoto sun ɗauki abin da ke faruwa a cikin kwami na gilashi, kuma abin kallo ne. Da fari takobin yakan sunkuya ta wajen baki, domin bakin ne ya fara hucewa ya tsuke. Bayan 'yan daƙiƙu sai ya juyo, bakin ya kumbura da ya zama matansait, bayan kuma ya huce ya tsuke, takobi ya gantsare baya. Mafi yawan lanƙwasar nan ta katana a cikin ruwa take samuwa. A nan ne kuma aikin makonni kan lalace, don in ƙarfe bai jure jan ba sai a ji "ƙas", baki ya tsage, kuma takobin da bakinsa ya tsage ya tashi aiki. Har suna da tatsuniyar wani almajirin maƙeri da ya saci jiki ya sa hannu a kwami don ya ji ɗumin ruwan, maigidan ya sare hannun. Ko ta faru ko ba ta faru ba, tana nuna yadda suka ɗauki sirrin.

Bayan tsomawa akan ɗan sake ɗumama takobi a wuta marar ƙarfi don a rage gautsin baki. Sa'an nan ya tafi hannun mai wasawa, wanda sana'arsa daban ce, ya yi kwana da kwanaki yana bin sa da duwatsu daga mai kaushi zuwa mai santsi. Sai wani farin layi kamar hazo ya bayyana a tsawon takobi, daidai inda maƙeri ya zana iyakar yumɓu. Sunansa hamon. Ba fenti ba ne, ba kuma zane ba ne, iyaka ce tsakanin ƙarfe mai tauri da mai danƙo. Masana takubba kan dubi wannan layi su faɗi gidan da aka ƙera takobi da zamaninsa, kamar yadda tsoho a Kurmi zai dubi aikin riga ya ce maka na wane gari ne.

To, mu dawo gida. Kada wani ya fita daga ɗakin nan yana cewa Japan ce ta san ƙarfe, mu ba mu sani ba. Masu haƙar kayan tarihi sun sami alamun sarrafa tama a Dala tun wajen ƙarni na bakwai, kuma labarin kafuwar Kano kansa yana farawa ne da maƙera, Abagayawa, waɗanda aka ce sun zo daga Gaya neman tama. A nan kudancinmu, mutanen Riruwai sun daɗe suna narkar da kuza kafin Turawa su zo su kafa kamfanoni. Tanderun kakanninmu da tatara ta Japan dangin juna ne: yumɓu, gawayi, iska, da dunƙulen ƙarfe a ƙarshe.

Amma akwai wata gaskiya game da takobinmu da ya kamata mu sani. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa ruwan takubban da ake sayarwa a kasuwa akasarinsu daga garin Solingen na Jamus suke, ana ƙetaro Sahara da su. Ya ƙiyasta sun kai dubu hamsin a shekara. A Kano ake sa musu ƙota, dukawa su yi musu kube, a sayar wa Buzaye da Barebari da Nufawa. Maƙeranmu ma suna ƙera nasu, har sukan kwaikwayi tambarin jinjirin wata biyu da ke jikin na waje, don mai saye ya fi yarda da shi. Wato son kayan waje ba yau muka fara ba. Ban da haka, takobinmu miƙaƙƙe ne mai baki biyu, ba shi da bayan da za a lulluɓe da yumɓu kamar katana, saboda haka hanyar da aka bi da shi daban ce.

Yadda zamanin takobi ya ƙare kuwa, mu mutanen Bebeji ba sai an ba mu labari daga nesa ba. Ranar 1 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta iso ƙofar garin nan, aka ƙi buɗewa, suka harba igwa suka fasa ta, aka yi asarar rayuka har da sarkin gari. Kwana biyu bayan haka Kano ta faɗi. Daga nan takobi ya koma kayan hawan salla da naɗin sarauta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tarkacen ƙarfe ya yawaita, ya fi arha, sannu a hankali aka daina haƙar tama, tanderu suka rushe, waɗanda suka san aikin suka mutu da saninsu.

Japan ma ta ga irin wannan rana. A 1876 gwamnatinsu ta hana yawo da takobi. A 1945 sojojin Amurka da suka mamaye ƙasar suka hana ƙera shi gaba ɗaya, sai a 1953 aka sake ba da izini, a matsayin aikin fasaha. Dokar da suka kafa ta ce sai mutum ya yi shekara biyar a ƙarƙashin maƙeri mai lasisi kafin ya ci gashin kansa, kuma dogon takobi biyu kawai aka yarda ya ƙera a wata. Amma ga inda muka rabu da su. Da kasuwar takobi ta mutu, maƙera da yawa sun kwashe saninsu sun zuba a wuƙar girki da almakashi da aska da kayan sassaƙa. Garin Seki, wanda a da takubba aka san shi da su, wuƙaƙensa sun zaga duniya. A garin Sakai har akwai wuƙar girki mai tsada da ake shafa wa yumɓu a tsoma ta daidai yadda ake yi wa takobi. Sun kuma rubuta abin da suka sani, jami'o'insu sun auna shi. Mu kuwa da muka je makaranta, sai muka ɗauka zuga-zugi da uwar maƙera abin kunya ne.

Duk da haka sanin bai ƙare ba. Ku je maƙera a Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa gab da faɗuwar damina, ku tsaya ku kalli gwanin maƙeri in ya gama gatari. Ba ya jefa shi duka a ruwa. Yakan kama shi da awartaki ya tsoma bakin kaɗai, ya ɗaga, ya duba, ya sake tsomawa. Wannan ita ce dabarar Japan ba tare da yumɓu ba: baki ya huce da sauri, baya ya huce a hankali. Har ma akwai ƙari, domin zafin da ya rage a baya yakan gangaro ya ɗumama bakin, ya rage masa gautsi. In aka goge bakin da dutse a wannan lokaci za a ga launuka suna tafiya a kansa. Launin busasshen kara, wajen digiri 230, shi ne na wuƙa da aska. In ya yi duhu ya doshi shunayya, na gatari ne. In ya kai shuɗi, wajen digiri 300, kaifi ya ragu, danƙo ya ƙaru. Da launin da kake so ya iso baki sai ka tsunduma duka.

To me ya sa ake samun gatari marar kyau? A ganina, yawanci laifin ƙarfen ne. Kakan maƙerin nan ya san ƙarfensa tun daga ramin tama. Jikansa kuwa sai abin da 'yan gwangwan suka kawo: yau sifirin na mota, gobe rodi, jibi faifan garmar tarakta, kuma kowanne da irin halinsa. Sifirin yana da kabon daidai, amma an gauraya shi da wasu sinadarai da ke sa ya yi tauri ko da bai huce da sauri sosai ba. Shi ya sa ruwan sanyi yakan tsaga shi, mai ya fi dacewa da shi, kuma man gyaɗa ya fi baƙin man inji, wanda hayaƙinsa ke cutar da ƙirji. Shi ya sa kuma in ka shafa wa sifirin yumɓu ba lalle ka ga layin hamon sosai ba, taurin yakan ratsa har ƙarƙashin yumɓun. Wanda ke son gwada aikin Japan ya nemi tsohon magagari, domin shi kabon ne zalla mai yawa, ya sani kuma wasu za su tsage masa kafin ɗaya ya fita.

Akwai gwaji uku da ba sa cin ko kwabo, waɗanda duk ɗalibin da ya yi kimiyya zai iya kai wa maƙerin unguwarsu. A kanga ƙarfe a injin wasa: in tartsatsin dogaye ne marasa rassa, kabon kaɗan ne, a yi ƙyauren ƙofa da shi, in suna fashewa kamar furen gero, zai yi baki. A riƙa kanga mayen ƙarfe a jikin abin da ake gasawa: wajen digiri 770 ƙarfe yakan daina kama shi, daga nan ɗan ƙari kaɗan ya isa tsomawa, ba sai an gasa shi ya yi fari ba, don zafi in ya yi yawa ƙwayoyin kan yi girma su jawo gautsi. Bayan tsomawa kuma a goga magagari a baki: in ya zame, tauri ya samu, in ya ci, da saura.

Ya shugaban taro, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga yankinmu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa, ga shinkafa ga masara, kowace kaka ana neman lauje da adda da fartanya masu yawa. In na gida ba su da aminci, manomi zai sayi na waje, kuɗin ya fita, ɗan maƙeri ya bar maƙera ya tafi birni neman abin yi. Ga kuma gawayi. Maƙeri ya fi son na ƙirya saboda ƙarfin wutarsa, ƙirya kuwa sai raguwa take yi, kuma ba a ganin masu dasa ta.

Da aka kawo tsarin 6-3-3-4 cikin shekarun 1980, an shigo da injuna don koyar da sana'a, kuma kowa ya san a makarantu da yawa cikin akwatunansu suka yi tsatsa, ba wuta ba malami. Aikin da nake magana ba ya bukatar lantarki. Ina roƙon ƙungiya ta duba abu biyu cikin kasafinta na bana. Na ɗaya, a gina 'yar rumfar maƙera a harabar makaranta, a nemi Sarkin Maƙera ya ba mu gwani ɗaya da zai riƙa zuwa sau ɗaya a mako, a biya shi kamar yadda ake biyan malami, malamin kimiyya kuma ya tsaya kusa da shi, wannan ya nuna yadda ake yi, wancan ya faɗi dalili. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Na biyu, a ba 'yan aji biyar aikin hutu, kowa ya je wurin tsohon maƙerin garinsu da littafi da biro, ya rubuto sunayen kayan aiki, da yadda yake gane ƙarfe, da abin da ya ji daga iyayensa game da tama da inda ake haƙo ta. A tara a buga cikin wannan mujalla tamu da Hausa. Ni na ɗauki nauyin mayen ƙarfe da magagari goma goma, da buhun gawayi na zangon farko, kuma ma'aji yana iya rubuta sunana tun yanzu.

Na ga mai tsaron lokaci ya ɗaga mini hannu sau biyu.